Kwafin tsohuwar na'urar gem: mai cip ɗaya ko mai FPGA?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ana iya kwafar tsohuwar na'urar gem, da kuma wace iri ce ta fi dacewa ka saya. Kwafar abu ne mai yiwuwa, an ma daɗe ana yi. Biyun da ka ambata kuwa, ƙaramar kwafin nan mai cip ɗaya da mai FPGA, duk sun shiga hannuna, kuma ɗaya ce kawai zan ce ka sa kuɗinka a kanta.

Mai cip ɗaya na fara saya, kwafin NES, tsohuwar na'urar gem ta kamfanin Nintendo, irin wadda aka tattara duk kayan cikin na'urar aka cusa a cip guda, aka ɗiga masa baƙin danƙo a kai. Tana kunnuwa, hoto yana fitowa, iyakar abin da zan yabe ta da shi ke nan. Kaset ɗina na Castlevania III ko tashi bai yi ba, domin yana ɗauke da nasa cip mai suna MMC5, wanda yawancin irin waɗannan kwafin ba sa jituwa da shi. Ramin kaset ɗin kuma yana cije kaset, sai ka yi kokawa kafin ka zare. Amma abin da ya fi ɓata min rai shi ne sauti. Kiɗan da na haddace tun ina yaro ya fito da wata murya daban, kamar an ba baƙo waƙar gida ya rera.

Sai daga baya na gano dalili. Na'urar ta asali ta fito a Japan a 1983 da sunan Famicom, ta isa Amurka da sunan NES a 1985. Ƙwaƙwalwarta cip ne na Ricoh mai lamba 2A03, wanda aka gina a kan wani tsohon cip na lissafi mai lamba 6502, kuma a cikinsa ake haɗa sauti. Da aka kwafi cip ɗin a Taiwan, irin wanda ya shiga na'urori kamar Dendy da ta mamaye Rasha daga 1992, sai aka juya saiti biyu na muryar kiɗa, na kashi 25 da na kashi 50, kowanne ya zauna a gurbin ɗan'uwansa. Inda ya kamata sauti ya yi kauri sai ya sirance, inda ya kamata ya sirance sai ya yi kauri. Wannan kuskure ya yi ta bin kwafi bayan kwafi shekara da shekaru, ba wanda ya damu ya gyara, tunda ana saye a haka.

FPGA wani abu ne daban. Cip ne da ba a ƙaddara masa aiki ba tun daga masana'anta. Cike yake da dubban ƙananan mahaɗai, kai ne za ka loda masa zane, su jera kansu su zama da'irar lantarkin da kake so. Ka loda zanen NES, ya zama NES: ɓangaren lissafi, na hoto da na sauti kowanne yana aikinsa lokaci guda, a kan bugu ɗaya, kamar yadda suke yi a ta asali. Ka loda na Mega Drive, na'urar gem ta kamfanin Sega, ya koma cip-cip ɗin da ke cikinta: Motorola 68000 da Z80 da cip ɗin sautin Yamaha YM2612.

Tawa mai FPGA ɗin MiSTer ce, aikin da Alexey Melnikov ya fara a 2017, a kan fanel ɗin DE10-Nano na kamfanin Terasic mai ɗauke da cip ɗin FPGA mai suna Cyclone V. Ranar da na gama haɗa ta, na jona ta da tsohuwar talabijin mai doro, na sa hannun gem na asali. Akwai wani tsalle a wani wasa da hannuna ya sani tun ƙuruciya, wanda a kan manhajar waya mai kwaikwayon tsohuwar na'urar kullum sai na faɗa rami, har na fara zargin shekaru ne suka ci ƙarfin yatsuna. A daren nan bugu ɗaya na tsallake. Ƙanina yana wani ɗaki, kiɗan kawai ya jiyo, ya fito yana tambaya ina na samo tsohuwar na'urarmu. Muka zauna muna karɓa-karɓa har dare ya raba. Sirrin tsallen nan ba wani abu ba ne illa jinkiri: hoto ɗaya a waɗannan wasanni kusan kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa ne, kuma in aka ƙara maka biyu ko uku tsakanin dannawarka da motsin ɗan wasan, hannu yana ji ko da ido bai gani ba.

Kada dai ka ɗauka sunan FPGA kaɗai ya isa. Ingancinta yana ga wanda ya yi zanen. Abin da ya sa na tsoffin na'urori suka yi kyau shi ne akwai masu haƙuri da suka fasa cip na asali, suka ɗauki hoton cikinsa da madubin ƙara girma, suka bi tiransisto ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda masu aikin Visual 6502 suka yi wa cip ɗin 6502. Kuma gaskiya manhajojin kwaikwayo irin su Mesen da bsnes sun kai maƙura wajen daidaito a kan kwamfuta mai ƙarfi. In allon zamani kake wasa kuma jinkiri bai dame ka ba, za su ishe ka.

Iyakar MiSTer kuma a fili take. NES, SNES, Mega Drive, PC Engine da Neo Geo sun zauna daram. PlayStation ta farko da Saturn da Nintendo 64 ma an shigar da su, amma da ƙyar, fanel ɗin ya kusa cika. Dreamcast da PlayStation 2 sun fi ƙarfinsa, kada ka sa rai.

Ta fuskar doka, haƙƙin ƙirƙira na kayan NES ya ƙare bayan shekara 20, shi ya sa kwafinta suka fito fili a kasuwa wajen 2005. Wasannin kansu da manhajar da ke tayar da na'ura irin PlayStation har yanzu mallakar masu su ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi 'yan kasuwa marasa amana. Duk akwatin da aka rubuta masa wasanni dubu kaza a ciki, wasa kaɗan ne aka maimaita da sunaye daban-daban. Wasu suna rubuta FPGA a kwali alhali ƙaramar kwamfuta ce mai manhajar kwaikwayo a ciki, don haka ka ce a faɗa maka sunan cip ɗin, in mai kaya ya fara kame-kame ka wuce. NES Classic da Nintendo ta fitar a 2016 ma an cika kasuwa da jabunta, har kwali iri ɗaya. Sai jabun kaset: da yawa ana sa musu cip mai aiki da bolt 3.3 alhali na'urar 5 take bayarwa, ba tare da abin daidaitawa ba, kuma hakan yana wahalar da kaset da na'urar duka. Kada ka cusa irinsu a ta asali in kana da ita.

MiSTer ba ta karɓar kaset, daga katin memori take karanta wasa, kuma sai ka ƙara mata fanel ɗin ƙarin memori mai suna SDRAM kafin yawancin na'urorin su tashi. In kana da tarin kaset na asali kuma burinka ka riƙa cusawa kana kunnawa, nemi na kamfanin Analogue, Super Nt ta 2018 mai karɓar kaset ɗin SNES ko Mega Sg ta 2019 mai karɓar na Mega Drive, su ma FPGA ne. In ba haka ba, ka sayi MiSTer, ka haɗa da SDRAM mai megabait 128 tun farko, ka bar mai cip ɗayan nan a inda ka gan ta.