Wasiƙa daga Jidda kan batun a-kori-kurar da Yaya yake so in turo

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da Baffa da yara baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama.

Saƙonka ya same ni game da motar da kake so in nemo maka, wadda za ta riƙa kwaso hatsi daga gona zuwa Dawanau, ta ja tankin ruwa da injin casa, ranar da babu aiki kuma ta kai iyali unguwa. Ka ce an gaya maka a Saudiyya a-kori-kura kusan kyauta ce. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto, don ka karanta wa Baffa tunda da kuɗinsa a ciki.

Yawa kam akwai ta. A nan wanet suke ce mata, kuma da wuya ka ga layin da babu ita. Toyota Hilux ce sarauniya, musamman mai kujerun baya wadda suke kira gamaraten. Kamfanin Abdul Latif Jameel ne wakilin Toyota a ƙasar tun 1955, saboda haka babu garin da za ka shiga ka rasa kayanta. Bayanta sai Isuzu D-Max da Mitsubishi L200, waɗanda kamfanonin gine-gine suka fi saye, da tsohuwar Datsun da har yanzu za ka gani da raƙumi a durƙushe a bayanta an ɗaure shi da igiya. Mutanen ƙauye da masu kiwo kuwa ba su haɗa komai da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ba, wadda suke kira shas. Sai manyan na Amurka, GMC Sierra da Ford F-150 da Silverado, na masu hali, da su suke jan jirgin ruwan shaƙatawa zuwa bakin tekun Ubhur ko tirelar dawaki. Na Sin ma sun shigo da ƙarfinsu, irin su Great Wall da JAC da Changan, sun fi sauƙin kuɗi amma idan ka zo sayarwa sai darajarsu ta zube.

Arha dai babu. Sabuwar Hilux mai kujerun baya da ke ja da ƙafa huɗu ta haura riyal 100,000, kuma riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya tun 1986. Ka ga ya wuce dala 26,000 kenan tun kafin ta taka jirgi. Harajin kaya ma da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya koma kashi 15 a watan Yulin 2020. Ta hannu kuma ba ta faɗuwa yadda kake zato, domin kowa ya san Hilux kuɗi ce a ajiye.

Akwai kuma abin da masu ba ka labari ba su faɗa maka ba. Motar da kake ganina da ita a hoto ta kamfanin da nake wa aiki ce. Baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, yana iya mallakar ƙaramar mota da sunansa, amma motar ɗaukar kaya hukumar Murur, wato masu kula da hanya, ba sa rubuta masa ita haka kawai. 'Yan'uwanmu Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa suka samu takardar zama 'yan ƙasa, su ne za ka ga suna da tasu ta kansu a Makka da Madina. Sauranmu, duk wanda ka ji ya ce ya sayi wanet, yawanci da sunan kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, ko wani ɗan ƙasa aka rubuta ta. Wannan abin yana damuna ƙwarai. Na ga wanda ya tara guminsa ya saya ta wannan hanya, yana kwasar kayan ɗaki daga kasuwar Sawarik, da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulel da Sabil a ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya samu aiki ba dare ba rana, mutane na ta ƙaura. Da suka saɓa da mai sunan, sai ya wayi gari ba shi da ko takarda ɗaya da zai nuna. Ba ni son kuɗin Baffa su bi ta irin wannan ƙofa.

Inda suka yi mana nisa shi ne wajen cinikin ta hannu. A gida dillali zai dafa bodi ya rantse maka cewa wata hajiya ce ke hawa, ba ta taɓa fita gari ba, kai kuma ba ka da abin dubawa sai fuskarsa. A nan ma akwai dillalai masu zaƙin baki, a wuraren baje motoci na unguwar Jauhara da kuma a shafin ciniki na intanet mai suna Haraj, amma mota tana tafe da tarihinta. Da lambar shasi za ka sayi rahoton Mojaz a waya, ya nuna maka hannu nawa ta shiga, da haɗurran da aka rubuta mata, da abin da mitarta ta nuna a baya, saboda haka wanda ya mayar da mita baya asirinsa na iya tonuwa. Ba a sauya sunan mai mota sai tana da takardar fahas mai rai, wato gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara, da inshora, kuma babu tarar da ke kanta. Idan ta manhajar gwamnati ta Absher aka yi cinikin, kuɗin ma ba sa shiga hannun mai sayarwa sai an kammala sauya suna. Inshorar kuma ba takardar nuna wa ɗan sanda ba ce kawai. Idan aka yi karo babu rauni, ma'aikacin Najm, kamfanin da ke duba haɗurran mota, ake kira, ya zo ya ɗauki hoto ya raba laifi kashi-kashi, kamfanin inshora ya biya. Ba a tare hanya ana cacar baki.

Duk da haka ido ya fi rahoto a wuri ɗaya, shi ne motar da ruwa ya ci. Jidda ta sha ambaliya a Nuwamban 2009, da farkon 2011, da kuma Nuwamban 2022, kuma motocin da suka nutse ba duka aka kai bola ba. Wani bakanike ɗan Zinder da muke kai wa motocin kamfani a sana'iyya, unguwar masu gyara, ya nuna mini yadda yake gane su. Ba ya fara buɗe inji. Bel ɗin kujera yake jawowa har ƙarshensa ya duba ko akwai zanen laka, sannan ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gefen direba ya sa yatsa a ƙarƙashin soso, ya leƙa ƙusoshin da suka riƙe kujera. Idan ya ga tsatsa a nan sai ya goge hannunsa ya ce, "Alhaji, mu tafi, wannan ta sha." Motar gaɓar teku kuma ko ba ta nutse ba gishirin iska yana cin ƙasanta, shi ya sa masu saye suka fi son wadda ta zauna a Riyad ko Ƙasim.

Abin da ya sa riƙon mota yake da sauƙi a nan, na farko mai. Tun Yulin 2021 gwamnati ta tsayar da litar fetur mai lamba 91 a riyal 2.18, mai lamba 95 a 2.33. Dizal ne yake ta hawa, daga 0.75 a 2023 zuwa 1.15 a 2024, ya kai 1.66 a farkon 2025. Ka gwada da abin da kuke saye tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Wannan ne dalilin da Balarabe zai hau Sierra mai silinda takwas ya je sayen burodi bai damu ba. Kai idan ka kai ta Kano, ribar buhunan da ta ɗauko a tanki za ta ƙare, kuma ranar da wani abu ya lalace a kwamfutarta za ka zaga Ƙofar Ruwa kaf ba ka samu ba. Don Allah ka cire ta a ranka, duk kyanta a hoto.

Na biyu kayan gyara. Mai shago zai ajiye maka takalmin birki kala biyu a kan kanta, ya ce wannan asli ne na wakili, wannan tijari ne, wato na kasuwa, ga kuɗin kowanne, zaɓi ya rage naka. Jabu na nan, hukuma tana kamawa, amma ba a saba sayar maka da na kasuwa da sunan na asali ido da ido ba. Idan kuma ƙofa ko giyabos ko difiransha kake nema na hannu, sai a tafi tashlihi wajen Biriman, filin matattun motoci, a kwance maka a gabanka, har su ba ka 'yan kwanaki na gwaji. Taya ta hannu an hana sayar da ita, kuma kowa yana duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Zafin kwalta a hanyar Madina da rani ba ya barin tsohuwar roba ko da zanenta bai goge ba. Batir ma ba ya daɗewa. Kuɗin hannun bakanike kuwa ya fi na gida tsada sosai, kuma a gaskiya wajen dabara namu sun fi su. A nan cirewa ake yi a sa sabo. Wanda zai kwance kik ko alfaneta ya sake naɗa shi ya tashi, irin na Panteka, sai ka nema.

Yanzu batun ja, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne aikina kullum, janareto da kwamfireso nake ja zuwa wuraren gini. Yadda muke yi a gida, a ɗaura sarƙa ko igiya a bamba a sa yaro a baya yana taka birki, a nan ba a yi. Mota ta mutu a hanya sai a kira sataha, mai shimfiɗaɗɗen baya, ta ɗora ta gaba ɗaya. Tirela kuma da ƙugiyar da aka ɗaure a jikin shasi da manyan ƙusoshi ake janta, da sarƙar tsaro biyu a gicciye a ƙasa, da wayar fitila don na baya ya ga birki da sigina.

Lissafin ba shi da wuya, Yaya. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce cif, ban da nauyin tanki da tirelar kanta. Tirelar da ba ta da birkin kanta bai kamata ta wuce kilo 750 ba. Adadin kilo 3,500 da ake yaɗawa cewa Hilux tana ja, na wasu samfura ne masu babban injin dizal, kuma da sharaɗin tirela mai birki. Kowace mota akwai nata adadin a littafinta. Kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela ya kamata ya sauka a kan ƙugiya, kaya mafi nauyi su zauna gaban taya kaɗan. Idan nauyi ya koma baya, da ka ɗan yi gudu tirela za ta fara kaɗa wutsiya har ta juya motar. Tankin da bai cika ba ya fi cikakke haɗari, don ruwan yana tunkuɗo ka duk lokacin da ka taka birki. A gangara kuma da giya ake sauka. Wanda ya taɓa saukowa daga Ɗa'ifa, daga tsaunin da ya doshi mita 2,000 zuwa kwarin Makka, ya ji warin birkin waɗanda suka dogara da ƙafa kaɗai.

Haka ma lodi. Bayan Hilux na kusan tan ɗaya ne, wato buhu goma na masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Na san a gida ana ƙara ganyen sifirin a loda ninkin haka. Sifirin zai hana ta zama, amma bai ƙara mata birki ba, bai ƙara wa taya da bodin ƙarfi ba, kuma shasi daga bayan gidan direba yake fara tsagewa. Gara sawu biyu.

Idan ka nemi shawarata, kada mu turo daga nan. Ka haɗa kuɗin saye da na jirgi zuwa Legas da na kwastan, wanda yanzu da lambar shasi suke lissafawa, da na hawo da ita Arewa, za ka tarar ba ta fi wadda za ka samu a Kano ko Kaduna sauƙi ba, ga kuma matsalar sunan da za a saya da shi. Ka nemi Hilux mai injin fetur 2.7 da giyar hannu, wadda duk bakaniken da ke bakin titi ya san cikinta. Sababbin injinan dizal na 2.4 da 2.8 sun fi ƙarfin ja kuma sun fi tsimin mai, amma nozul ɗinsu ba sa yafe gurɓataccen mai. A nan dizal mai tsabta ake sayarwa, matakin Euro 5 tun 2024, kai kuwa wani lokaci dole sai ka sha na jarka a ƙauye. Idan ranka ya tsaya a kan dizal, to ka sa ƙarin matatar da ke raba mai da ruwa, kuma ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi.

In ka samu wadda ta kwanta maka, kafin ka ba da ko sisi ka turo mini hoton lambar shasi, da na ƙasanta ta wajen sifirin na baya, da bidiyon injin lokacin da aka tayar da shi da sassafe yana sanyi, zan nuna wa ɗan Zinder ɗin. Ƙugiya ta gaske da wayar fitilar tirela da takalman birki na asali zan saya a nan in ba da saƙo ta hannun masu dawowa daga Umara, ka dai gaya mini shekarar motar don kada a samu saɓani. Tankin kuma ka sa mai walda ya raba cikinsa gida-gida da faranti kafin a ɗora shi a tirela.

A gaida Hajiya da kyau, a ce ina neman addu'a. A gaida Baffa da su Yaya Babba. Wassalam, ƙaninka a Jidda.