Jirgin fiton gwamnati daga Ikorodu zuwa Ebute Ero: shekara biyu ina hawansa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina fita daga gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Ina zaune a Sabo ta Ikorodu, a jihar Legas, shagona kuwa na shadda da huluna yana wajen Idumota. Wanda ya san wannan hanya ba sai na yi masa dogon bayani ba. Ka wuce Agric, ka wuce Majidun, sai ka zo Mile 12 ka tarar da manyan motocin tumatir da albasa na 'yan uwanmu sun cika gefen titi, daga nan Ketu, sai Ojota, kowace da irin nata gosulon. Sallar asuba sau tari a tasha nake yin ta, a kan kwali. Ranar da aka yi ruwan sama kuwa, sai in buɗe shago rana ta take, jiki duk ya mutu tun ban sayar da ko yadi ɗaya ba.

Duk tsawon lokacin nan na san akwai jirgin ruwa, tsoro ne ya hana ni. Mu mutanen tudu ne, kuma labaran da muke ji daga gida ba masu daɗi ba ne. A 2021 kaɗai an yi na Warrah a jihar Kebbi, aka yi na Bagwai a Kano inda yara 'yan Islamiyya suka rasu. Allah ya jiƙansu. Duk sanda maƙwabcina, wani dattijo ɗan canji, ya ce min "Malam, zo mu bi ta ruwa," sai in ce masa, "Alhaji, ka bar ni da gosulona, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Ranar da na sallama, wata tankar mai ce ta faɗi a hanya, tun daga Agric babu motsi, ni kuma ina da alƙawari da mai ɗaukar kaya zuwa Kano. Na juya na nufi tashar jirgin ruwa ta Ipakodo ina karanta duk addu'ar da na iya.

Jirgin da nake magana a kansa na LAGFERRY ne, kamfanin fito na gwamnatin jihar Legas. Abu na farko da ya kwantar min da hankali shi ne katin Cowry da nake hawa motar bas ta BRT da shi, shi ne dai na miƙa a nan, babu cinikin kuɗin fito, babu rigimar canji. Aka rubuta sunana da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Sannan aka ba ni rigar ruwa. Na sa ta a kan babbar riga na bar ta sakwa-sakwa, sai wani matashi cikin ma'aikatan ya zo ya tsaya a gabana, ya kama igiyar ƙugun ya ja har na ji ta kama ni, ya ɗaura, ya ce in na bar ta a sake, ruwa zai zare ta ta kaina. Bai bar wurin ba sai da ya duba na kusa da ni. Kowa da kujerarsa, babu na tsaye, babu wanda aka ɗora wa wani a cinya. Da kujeru suka cika aka rufe ƙofa, duk da akwai mutane a layi. Na ce Bismillahi majreha wa mursaha, na riƙe ƙarfen kujerar gabana da hannu biyu.

Minti goma na farko ban kalli ko'ina ba sai tsakanin ƙafafuna. Da na ga wata mata a gefena ta buɗe waya tana lissafin kayan shagonta, wani kuma har ya fara gyangyaɗi, sai na ɗaga kai. Wallahi ban taɓa sanin haka Legas take da faɗi ba. Ruwa shimfiɗe har iyakar gani, masunta a kwale-kwale suna jefa birgi, masu haƙar yashi jiragensu sun nutse har baki saboda nauyi. Can sai gadar Third Mainland ta bayyana, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka gama a 1990 zamanin Babangida. Ta sama na sha bin ta, amma ban taɓa ganin ƙafafunta ba. Muka ratsa ta ƙarƙashinta, na ɗaga kai na hango motoci jere ba motsi, rana ta fara dukan gilasansu. Ƙasa da awa guda da tashinmu ina tsaye a Ebute Ero, daga nan zuwa shagona tafiyar ƙafa ce.

Bayan 'yan makonni wata hidima ta kai ni Marina, sai ban sauka a Ebute Ero ba, na zarce. Muna wuce gadar Carter da ta Eko, sai ga Apapa a ɗaya gaɓar, injinan ɗaga kaya tsaye, jiragen kwantena manya kamar unguwa guda. Na bi sunayen da ke jikinsu ina karantawa, duk na ƙasashen waje. Nan take Baba ya faɗo min a rai, har sai da na share ido da hular hannuna.

Mahaifina mutumin Haɗeja ne. Ya zo Ikko yana saurayi, ya fara da dako a Apapa, da yake ya yi elementare kuma ya iya lissafi sai aka mai da shi akawun ƙidayar buhuna. Shi ya fara gaya min cewa Najeriya ta taɓa mallakar jiragen teku nata na kanta. Kamfanin shi ne Nigerian National Shipping Line, ana ce masa NNSL. An kafa shi a 1959, ana gab da samun 'yanci, gwamnati na da kashi 51 cikin 100, sauran na kamfanonin Ingila biyu ne, Elder Dempster da Palm Line, waɗanda dama su ke riƙe da sufurin teku na Afirka ta Yamma. A 1961 gwamnati ta saye kasonsu, kamfani ya zama nata ita kaɗai. Jiragen farko sunayen magabata aka sa musu: King Jaja, Oduduwa, Dan Fodio, El Kanemi, Herbert Macaulay, daga baya aka samu Ahmadu Bello da Nnamdi Azikiwe. Baba yakan ce ka yi tunanin gyaɗar da aka noma a ƙasar Kano, jirgin ƙasa ya kwaso ta har bakin ruwa, a loda ta cikin jirgi mai sunan Shehu, ya nufi Liverpool da tutar ƙasarmu a bayansa. Koko da auduga da kwarar manja da fatu duk haka suke fita, a dawo da gishiri da injina da kayan masarufi.

Shi bai tarar da ganiyar gyaɗa ba, ƙarshenta ya riska. Abin da ya gani da idonsa shi ne shekarar siminti, 1975, lokacin da aka yi odar siminti fiye da abin da Apapa za ta iya saukewa, jirage ɗaruruwa suka yi layi a teku wata da watanni, har wani simintin ya daskare a cikinsu. Wannan cunkoso na cikin abin da ya sa aka gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. A shekarar ce kuma gwamnatin Obasanjo ta soja ta yi odar sababbin jirage 19 daga Koriya ta Kudu da Yugoslabiya. Tun kafin nan kamfanin ya koma sa wa jiragensa sunayen koguna, akwai River Niger, River Benue, River Gongola, River Rima, River Gurara. Wanda Baba ya fi so kuwa ba sai an tambaya ba, River Hadejia. Ranar da ya sauka a Apapa, Baba yakan dawo gida da tsire. Ya taɓa ɗaukata a kafaɗa ya nuna min shi daga nesa, ya ce, "Ka ga kogin garinmu nan, ya je Turai ya dawo." Ban fahimci komai ba a lokacin, abin da na riƙe shi ne girman ƙarfen da warin ruwan gishiri.

Jirage fiye da 20 kamfanin ya tara, amma ba su daɗe ba. Duniya ta koma kwantena, nasu kuwa yawanci na ɗaukar kaya a buhu da akwati ne, ga shan mai. Bashi ya taru, har ta kai ana kama jiragen a tashoshin ƙasashen waje saboda kuɗin da ake bi. River Gurara ya nutse a gaɓar Fotugal a Fabrairun 1989, ma'aikata da dama suka rasu. A 1995 aka rushe kamfanin, aka sayar da abin da ya rage. Baba bai cika yawan magana a kai ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, sayen doki ba shi ne wahala ba, harawar kullum ita ce aiki.

Wannan magana tasa ce take sa ni kasa kunne ga ƙarar inji duk sanda na hau jirgin fito. Domin shi ma fiton gwamnatin Legas ba yau aka fara shi ba. Zamanin Gwamna Lateef Jakande, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, an kawo jiragen fasinja irin su Baba Kekere da Ita Faji, suna ɗaukar mutane tsakanin Mile 2 da Marina. Baba Kekere laƙabin Jakanden ne kansa. Tsofaffin 'yan kasuwarmu har yanzu suna tuna su, sannan suna tuna yadda suka ɓace. Wanda muke hawa yanzu, Gwamna Sanwo-Olu ne ya farfaɗo da shi a Fabrairun 2020 da jirage 14, a daidai kwanakin da aka hana acaba da Keke a wasu ƙananan hukumomi, abin da ya taɓa abincin 'yan uwanmu da yawa. A shekara biyun da na yi ina hawa, jiragen da na shiga a share suke, rigunan ruwa da igiyoyinsu, na kuma sha ganin makanike ya buɗe murfin inji yana dubawa kafin mu tashi. Ina roƙon Allah ya sa a ɗore da hakan, don a nan ne ake faɗuwa.

Akwai abubuwan da ya kamata mai niyyar hawa ya sani. Kuɗinsa ya fi na BRT, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai na sufuri ya tashi, don haka ka tambayi farashi a tasha. Ni da na auna da awannin da nake samu, da cinikin safe da a da yake wuce ni, na ga riba nake. Amma ga yaron shago mai albashi kaɗan, hawa kullum zai yi masa nauyi, gaskiya ce wannan. Sannan jirgin fasinja ne. Jaka ko ƙullin shadda biyu uku za ka shiga da su, amma dila guda sai mota. Da za a samu jirgin kaya na ƙananan 'yan kasuwa a wannan layi, da mutanen Idumota da Balogun sun cika shi kullum, kuma da an rage wa titin Ikorodu nauyi.

Sai kainuwa. Wajen ƙarshen shekara takan rufe bakin tashar Ikorodu, ka ga ruwa ya zama kore shar kamar gonar alayyafo. Tana naɗe farfelar jirgi, dole matuƙi ya rage gudu, wani lokaci ya tsaya a cire. Ranar da ta yi yawa, ka ƙara minti ashirin a lissafinka. Da damina kuma iska kan tayar da igiyar ruwa a tsakiya, jirgi ya riƙa dukan ruwa da ƙirji. Mai saurin amai ya zauna ta baya, kada ya cika ciki kafin ya hau.

Ba a tafiyar dare, doka ce, don haka in ka makara a shago, ka haƙura ka bi titi. Ni na taɓa ƙin haƙura. Wata ranar Alhamis na iso magariba ta kawo jiki, jirgin gwamnati ya tafi, sai na faɗa wani ƙaramin jirgi na 'yan kasuwa da ke kiran fasinja. Rigar da aka miƙo min igiyarta a tsinke take, an cusa mu kamar buhunan gawayi, a tsakiyar ruwa kuma inji ya mutu. Muka yi kusan rabin awa muna shawagi cikin duhu, yaron jirgin yana haska injin da fitilar waya, mata suna salati, wasu suna kiran Yesu. Abin da ke raina a lokacin shi ne mutanen da suka tashi daga Mile 2 za su Ibeshe da dare a Yulin 2022, jajibirin babbar Sallah, jirginsu ya kife. Allah ya tsare mu injin ya tashi. Da na isa gida uwargida ta ga yadda hannuna ke rawa, ta ce, "Malam, don Allah in ka rasa na gwamnati ka kwana a shago." Tun daga ranar, da la'asar sakaliya nake rufewa.

Yanzu asuba a masallacin unguwarmu nake yin ta cikin jam'i, in sha kunu a gida, in raka ƙaramar 'yata bakin makaranta, sannan mu kama hanyar Ipakodo ni da Alhaji. Ran Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki babban ɗana muka zarce har Marina. Da muka zo daidai Apapa na nuna masa wajen da kakansa ya yi aiki, na lissafa masa sunayen jiragen nan ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan River Hadejia sai ya ce, "Baba, yanzu yana ina?" Na ce masa an sayar tun kafin a haife shi. Ya yi shiru yana kallon manyan jiragen, har ma'aikacin ya zo karɓar rigunan ruwa.