Faifan 662 na Kingfish: gwanintarsa ta fi fitowa idan ya sassauta

Lambar nan 662 ita ce lambar wayar tarho ta arewacin jihar Mississippi a Amurka, inda garin Clarksdale yake. A can aka haifi Christone Ingram a 1999, mawaƙi kuma makaɗin jita na salon kiɗan blues na baƙaƙen fatan Amurka, wanda duniya ta fi sani da Kingfish. Kamfanin Alligator Records na Chicago ne ya fitar da faifansa mai suna 662 a 2021, faifan kuma ya ci kyautar Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa a Amurka, a 2022. Na sauke shi a waya ina ji a hanyar zuwa aiki, kuma na ce kuɗina bai faɗi ƙasa banza ba, ko da yake ina da ƙorafi.

Yaron nan a coci ya fara. Dangin mahaifiyarsa mawaƙan coci ne, shi kuma ganga ya soma kaɗawa, sannan jita mai kaurin murya, kafin malamai a Delta Blues Museum, gidan tarihin kiɗan blues na garinsu, su ɗora shi a kan jitar lantarki. Wannan tarbiyya tana nan a yatsunsa. Zai rera baiti ɗaya da muryarsa mai kauri, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, sai ya yi shiru jitar ta amsa masa, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi. Yakan riƙe tsirkiya ɗaya ya lanƙwasa ta a hankali har sautin ya koma kuka. A nan ne tsikar jiki ke tashi. Waƙar da ya rufe faifan da ita, wadda ya yi wa mahaifiyarsa Princess Pride da ta rasu a ƙarshen 2019, ita ce ta fi ratsa ni, don bai cika ta da ƙawa ba. Ya bar baƙin cikin ya yi magana da kansa.

Ƙorafina yana kan waƙoƙin masu sauri. Hannunsa na da gudu, ya kuma san haka, sai ya riƙa zuba sautuka bisa juna har kunne ya gaji. Wasu daga cikin waƙoƙin soyayyar ma kalmominsu ba su kai kiɗan nauyi ba. Tom Hambridge, wanda ya shirya faifan, shi ke shirya wa tsohon gwanin blues Buddy Guy nasa, kuma wani lokaci gogewar ta yi yawa, ƙurar Clarksdale ta ɓace.

Wanda kunnensa ya saba da jitar Bombino ko Mdou Moctar na Nijar zai ga bambanci nan take: su suna juya zango ɗaya har ya shige ka, shi kuwa hawa yake yi ya sauko. A nemi abin sawa a kunne mai kyau, lasifikar waya tana cinye rabin kaurin. Kuma a fara da waƙoƙin da ya yi a sanyaye kafin a taɓa sauran.