Haɗin Kwalba Ko Na Turmi: Wanne Ya Fi Tsuma Kaza?

Uwargida, kafin ki miƙa kuɗi a kanti ki ɗauko kwalbar haɗin gashin kaza, fara duba kazar da ke hannunki. Ta gidan gona ce mai laushin tsoka, ko ta Hausa da ta sha yawon tsakar gida har cinyarta ta yi ƙwari? Idan ta Hausa ce, bar kuɗinki a jaka. Da wuya haɗi ya tausasa ta a ɗanye. Tafasa ta za ki yi da albasa, citta da gishiri, sannan ki shafe ta da yaji da mai ki ɗora a wuta. Maganar tsuma kaza ta fi shafar ta gidan gona.

A duk abin da ake zubawa, gishiri ne ke ratsa tsoka da gaske. Ƙamshin tafarnuwa da kori yawanci a saman nama yake tsayawa, shi ya sa tsattsaga cinya da wuƙa har kusa da ƙashi ya fi ƙara awanni amfani.

Na kanti iri biyu ne, na gari (busasshe) da na ruwa. Amfaninsu sauri, kuma ɗanɗanon jiya shi ne na yau. Amma juya kwalbar ki karanta bayanta, domin abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Sau da yawa za ki tarar ruwa ne, sai khal (vinegar), sukari da gishiri, kayan ƙamshin na can ƙasa. Sukarin nan shi ke ɓata gashin gawayi: fata ta yi baƙi ƙirin, jikin ƙashi kuwa da sauran jini. Gishirin ma ya isa, kar ki ƙara dunƙule a kai, musamman in akwai mai hawan jini a gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana. Duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa. Na ƙasashen waje kuma ki lura sosai, wasu ana haɗa su da giya. In dole sai na kanti, ni na gari nake zaɓa, don ba ya neman firji bayan an buɗe, kuma ke za ki auna mai da tsamin da kike so.

Na gida kuwa turmi ne da minti goma. Ɗanyar citta, tafarnuwa, attaruhu, masoro, kanumfari, 'yar kimba, gishiri da man gyaɗa, sai kindirmo kamar ludayi ɗaya ga kaza guda. Kindirmon nan nake so ki riƙe. Tsaminsa mai sanyin hali ne, yana tausasa nama a hankali, kuma yana manne kayan ƙamshi a jikin kaza maimakon su tsiyaye cikin wuta. Da irinsa mutanen Indiya ke tsuma kazarsu ta tanduri. Lemon tsami da khal sun fi zafin aiki, in suka daɗe sai saman tsokar ya yi fari, ya bushe a baki.

To, awa nawa? Tsokar ƙirji marar ƙashi, minti 30 zuwa awa 2 sun wadatar. Cinyoyi da fukafukai a haɗin kindirmo su kwana a firji, gobe a gasa. In haɗin mai lemon tsami ne da yawa, ko na kwalba mai khal, kar ya wuce awa 2. Ɗanyar abarba da gwanda kuwa narka nama suke yi, minti 30 ki cire, in ba haka ba ya dagargaje. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa iyakar kwana 2 ga kazar da aka tsuma a firji, kuma firjin da sanyinsa bai haura digiri 4 na Celsius ba.

A nan ne matsalarmu take, wato wutar lantarki. Firjin da ya wuni a kashe akwati ne kawai. Ɗanyar kaza ba ta wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce, kuma da bazara a Kano ko Sakkwato kullum haka rana take. Ba yaji ko tsamin da zai kare ta daga lalacewa. In babu tabbacin wuta, yanka ƙanana, ki tsattsaga, ki cuɗa da kyau, ki rufe na minti 40 a inuwa, ki gasa. Wallahi hakan ya fi kwanan da zai kai yara asibiti.

Ki tsuma a roba mai murfi, tangaran ko leda mai kauri, ban da tukunyar dalma, don tsami na cin ta har ɗanɗanon ƙarfe ya shiga nama. Ruwan da ya rage a kwanon ya taɓa ɗanyen nama, ko ki tafasa shi sosai ko ki zubar. In kina son na shafawa lokacin gashi, ɗebi naki gefe tun kafin kaza ta shiga.