Wurin renon dashen itacen turare a hanyar Bukuru

Masu wannan lambu da ke gefen hanyar Jos zuwa Bukuru sun fi ƙwarewa a dashen itacen turare, irin wanda aka shuka a tsofaffin filayen haƙar kuza. Dashensu lafiyayye ne, saiwarsa ba ta nannaɗe cikin leda ba, farashin kuma da sauƙi.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne bayanin dattijon da ke kula da wurin game da gobarar daji, domin bai ɓoye cewa busasshen ganyen turare mai maiƙo yana ruruta wuta ba. Ya ce irin da yake sayarwa yakan sake toho daga gindi da ƙarƙashin ɓawo bayan ya ƙone, kuma hakan gaskiya ne. Sai dai ya nuna kamar kowane turare haka yake, alhali a Ostireliya, asalin itacen, akwai nau'in da wuta mai ƙarfi take kashewa, sai daga iri yake dawowa, kamar yadda aka gani a jihar Victoria bayan gobarar 1939. Irin wannan yana buƙatar kusan shekara 20 kafin ya ba da iri, saboda haka idan wuta ta maimaita da wuri, wasu tsirrai ne suke gaje dajin.

Ba sa kai kaya gida, sai mai saye ya zo da motarsa.