Prius 2010 'yar Kwatano: abin da takarda ta ce da abin da titin Kano ya ce

Tun da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har sai da ta haura dubu a wurare da yawa a 2024, sai kasuwar motocin hybrid, wato masu haɗa injin mai da batir, ta buɗe, motar da a da dila zai ajiye ta wata da watanni babu mai ko taya ta yanzu ita ake nema. Ni ma Prius nake hawa, ƙirar 2010 zuwa 2015 ɗin nan mai injin 1.8, kuma tambayar da aka fi yi min a gidan mai ko in na yi fakin ita ce wai da gaske ne lita ɗaya tana kilomita 30? A'a. Amma fa dilan da ya faɗa maka haka ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, a takarda ya gani, matsalar dai takardar wace ƙasa ce.

Motar nan guda ɗaya lamba uku gare ta. A Japan da suka gwada ta da tsohon awonsu mai suna 10-15 sun ba mafi sauƙin samfurinta kilomita 38 a lita, da suka koma awon JC08 ta sauko 32.6. A Turai lita 3.9 aka rubuta a kilomita 100, wato wajen kilomita 25 da ɗoriya a lita. A Amurka kuwa hukumar kare muhallinsu, EPA, ta manna mata mil 51 a galan cikin gari, 48 a babban titi, 50 in an haɗa, galan ɗinsu lita 3.8 ne ba ta cika huɗu ba, in ka buga lissafi zai ba ka kamar kilomita 21 a lita. Inji ɗaya, batir ɗaya, daga 38 zuwa 21. Duk gwajin nan a ɗaki ake yinsa, a ɗora tayoyin mota a kan nadi tana gudu a waje ɗaya, babu rami babu adaidaita sahu da zai shigo maka ta hannun da ba ka zata ba, kuma na Japan da na Turai na wancan lokacin ko esi ba a kunnawa.

Na Amurka shi ya fi kusa da gaskiya saboda sun taɓa shan ƙorafi. Prius ɗin da ta gabaci wannan da farko mil 60 a galan cikin gari da 51 a titi aka rubuta mata, masu ita suka yi ta kuka ba sa ganin haka, daga motocin 2008 EPA ta ƙara gwajin gudu sosai da na esi a zafin digiri 35 da na sanyi, sai lambar ta dawo 48 da 45. Ko bayan haka ma an samu Ford C-Max Hybrid ta 2013 da aka sayar da ita da lambar mil 47 a galan, kamfanin ya rage zuwa 43 a 2013 har ya biya masu motar kuɗi, a 2014 ya sake ragewa zuwa 40. Don haka ni in zan kwatanta da lambar Amurka nake kwatantawa, dama yawancin waɗanda ke shigo mana ta Kwatano da Legas daga can suke.

To ni me nake samu? Cikin garin Kano da esi a kunne, tsakanin kilomita 16 zuwa 19 a lita, ya danganta da lokaci. Lokacin hunturu da ba na buƙatar esi tana taɓa 20 har ta ɗan wuce, amma watan Afrilu da zafi ke kai 40 ko fiye, ka bar ta a rana ka dawo sitiyari ba ya taɓuwa, nan kam sai ta faɗo ƙasan lissafin, saboda kwamfiresan esinta da lantarki yake aiki, daga babban batir yake ja, batir na yin ƙasa inji zai tashi ya cika shi ko kana tsaye. Kuma ba da lambar dashbod nake awo ba, ita kullum tana ɗan yi wa kanta kara. Cika tanki nake yi har famfo ya katse, in mayar da tirif, ma'aunin kilomitar tafiya, sifili, in na dawo cikawa in raba kilomita da litar da ta shiga, a famfo ɗaya in da hali don wasu gidajen man litarsu sai a hankali.

Inda motar nan take burge ni wallahi shi ne gosulo. Ka shiga cunkoson Kurna da yamma ko wajen Kantin Kwari, kowa injinsa na ta ƙona mai a tsaye, ita kuwa tsit, inji ya mutu, ka saki birki ta silala da lantarki, ka taka birki ta mayar da ƙarfin cikin batir. Shi ya sa lambarta ta cikin gari ta fi ta babban titi, saɓanin sauran motoci. Corolla 2010 mai otomatik ita ma 1.8 ce, amma EPA 26 ta ba ta cikin gari, ita Prius 51, kusan ninki biyu ke nan, kuma a aljihuna ma kusan haka nake ji in na tuna abin da nake zubawa a motata ta da. Farkon hawa dai shirun nan yana rikita mutum, za ka zaci ta mutu ka kai hannu wajen maɓalli, alhali alamar READY ta dashbod na nan a kunne.

A babban titi labarin ya canza. Gwajin titi na EPA na asali matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 80 a awa ba, ƙololuwarsa ba ta kai 100 ba, mu kuwa in muka samu hanyar Kano zuwa Zariya ta yi kyau 130 ake zubawa har 140. A wannan gudun batir ba shi da wani abin da zai taimaka da shi, babu birkin da zai cika shi, inji ne kawai yake faɗa da iska, kuma iska ba a hankali take ƙaruwa ba, in ka ninka gudu turjiyarta sau huɗu take zama. In na riƙe 100 zuwa 110 ina ganin wajen 19 ko 20, in na biye wa 'yan Sharon sai ta dawo 15 ko 16, ga mutum biyar ga kaya a but. Har yanzu ta fi Corolla amma tazarar ta ragu sosai, wanda aikinsa kullum Kano Abuja ne ba zai ga ribar da ɗan cikin gari yake gani ba. Haka gajeriyar tafiya, daga gida zuwa masallaci ko kai yara makarantar bayan layi, inji sai ya yi zafi kafin ya yarda ya mutu, kafin nan ka riga ka isa.

Babbar maganar dai batir ce, kuma nan ne mutane ke shiga ciki. Duk lambobin can na sabuwar mota ne, wadda za ka saya yau ta haura shekara goma, garantin batirinta na shekara 8 ko mil 100,000 a yawancin jihohin Amurka ya daɗe da ƙarewa. Batirin guda 28 ne aka jera a bayan kujerar baya, volt 201.6, in suka tsufa sai ya zama kamar tsohon batirin waya, yanzu ya nuna a cike anjima kaɗan ya zube, inji ya yi ta tashi ba hutawa, sai ka ga mai Prius yana samun 12 ko 13 yana cewa an cuce shi. Wasu masu sayarwa guda ɗaya ko biyun da suka mutu suke canzawa su goge lambar matsala da kwamfuta, ta yi lafiya wata biyu jan alwatikan gargaɗi na dashbod ya dawo. Kafin ka biya ko sisi ka kai ta wajen mai kwamfutar da ya san hybrid, a duba bambancin volt tsakanin rukunan batirin ana tafiya ba a tsaye ba.

Akwai wata 'yar tagar iska a gefen kujerar baya, ta nan fanka take jan iska ta sanyaya batirin, ƙurar hunturunmu tana toshe ta, yara ma suna jingina jaka ko filo a wajen. Ranar da aka buɗe tawa abin da aka ciro kamar auduga mai launin ƙasa, da gashin kare ma tun na mai ita na can. A wanke ta duk shekara. Baƙin mai 0W-20 aka rubuta mata, kar bakanike ya ɗura mata mai kauri don wai ƙasarmu da zafi, shan mai zai ƙaru. Mai gyaran esi kuma ka tsaya a kansa, man kwamfiresanta ND-11 ne, in ya zuba na sauran motoci zai iya jawo matsalar lantarki mai tsada. Wannan ƙirar an san ta da toshewar EGR, hanyar da ke mayar da wani hayaƙin salansa cikin inji, in ta yi nisan tafiya, in aka bari har gasket yana iya ci, alamarsa inji ya riƙa karkarwa da safe in an tayar. Iskar taya ma kar a bar wa falkanaiza ya auna da bugun hannu, abin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Motar kusa take da ƙasa sosai, in unguwarku damina na cinye hanya za ka riƙa jin cikinta na gurzar ƙasa, kuma kayan gyaranta ana samu a Ƙofar Ruwa amma ba kamar na Corolla da ko'ina ka juya akwai ba. Mai zirga-zirgar cikin gari kullum, ɗan Bolt ko ma'aikacin da ke ratsa gari safe da yamma, ni dai ina ba shi shawarar ya saya, ya sa 17 ko 18 a lissafinsa ba 30 ba, sannan ya ware kuɗin batir a gefe tun ranar da ya karɓi makulli.