Feshi ko ɗan buhun ƙwaro don murzuna? Ni dai ga abin da na gani

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarka, ko maganin feshi za ka saya ko ɗan buhun nan mai ƙwaron da ke kashe tsutsa, don murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, caji ne ya ƙare mini. Kahin mu shiga nan bari in cire maka abu guda daga kai. Malam-buɗe-littafin daren nan da ka ɗauka hoto bakin gonarka, har manhajar salula ta ce maka Acronicta ne wai mai alamar wuƙa, ba shi ba ne. Ni ma ta taɓa yi mini haka, in hoton bai hita da kyau ba sai ta liƙa mashi sunan na Turai. Acronicta kusan iri 150 ne, galibinsu a ƙasashen sanyi suke, Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, tsutsarsu ganyen itace take ci irin su tuffa, ba ruwanta da hatsi. Wanda anka fi sani cikinsu Acronicta psi, tun 1758 Linnaeus, wani masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, ya raɗa mashi suna saboda baƙin zanen da ke bisa fiffikenshi mai kama da ƴar wuƙa ko harafin psi na Girkawa. Kuma wanga psi ɗin yana da ɗan uwa Acronicta tridens, masana kansu ba su iya raba su da ido sai sun feɗe sun duba al'aurarsu, ko su samu tsutsar don ita kam ta bambanta. Abin da ya gagari masana to salula ce za ta iya?

Dangi ne kawai ya haɗa su da namu, duk gidan Noctuidae ne, har da tsutsar masarar nan da ta shigo Afirka a 2016 da wadda ke huda tumatir. Naka kam tunda ka ce hatsi ya fara hidda kai, ga kuma ƴan ɗige-ɗigen fari a fiffike, uwar murzuna ce, Heliocheilus albipunctella a bakin masu bincike. In ka gane rayuwarta ka gama gane wanda za ka saya. Zubi ɗaya take yi a shekara. Tsutsa in ta ƙoshi sai ta sauko ta shige cikin rairayi ta kwanta can duk rani, ba ci ba sha, sai kamar wata guda bayan ruwan shuka uwar ta hito da dare ta zuba ƙwai bisa zangarniya mai hitowa. Ƴaƴan na ƙyanƙyashewa sai su kutsa tsakanin huren suna ci suna datse ƙafar tsaba suna kewaya zangarniya, shi ne zanen nan da kake gani ya murɗe kamar igiya. A ciki take, tsaba ta ruhe ta. Shekarar da abin ya yi muni asara kan kai har kashi 85 cikin 100.

To ɗan buhu. Shekara uku ke nan da munka fara a ƙauyenmu wajen Madarunfa, ƙungiya ce ta haɗa kuɗi, abin da ya faɗo kaina bai kai rabin kuɗin litir guda na magani ba. Ran da anka kawo su Baba ya ɗauki guda ya jujjuya ya ce yanzu ku da bokonku laya kunka sayo mana? Don wallahi kamar laya yake, ɗan buhun garara da bai cika tahin hannu ba. Ciki akwai tsabar hatsi da gari, da tsutsotsi 25 na wani ƙwaron rumbu da ake kiwo don wanga aiki, da mata biyu na ɗan ƙaramin zanzaron nan Habrobracon hebetor, bai kai ƙuda ba, ba ya harbin mutum ba ya taɓa dabba. Aikinta guda ne, ta harbi tsutsa ta sanƙame, ta yi ƙwai bisa jikinta, ƴaƴan su tsotse ta, ƙasa da sati biyu sun zama manya sun tahi neman wata. Buhu 15 anka ba mu, 3 tsakiyar gari, 3 gabas 3 yamma 3 kudu 3 arewa. Nawa na rataya a reshen bedi na kifa mashi ɓarin ƙwarya don ruwa, kada ka yi kuskuren gawo, ka san shi da damina tsirara yake rana za ta dafa su.

Sati na farko ban ga komi ba, Baba kullum da yamma sai ya tambaye ni ya labarin laya. Wajen kwana 20 na shiga gona da safe na tanƙwaro wata zangarniya da murzuna ta fara zanawa, na buɗa da farce, sai ga tsutsar ta yi baƙi ta yamutse kamar tsohuwar kuɓewa, gehenta ƴan fararen kwanso ƙanana jere kamar tsabar shinkafa. Na karyo ta na kai ma Baba har zaure, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, amma da shekara ta kewayo shi ya fara tambayar yaushe za a kawo. Ba wai murzuna ta ɓace ƙaf ba, a'a, inda ta riga ta ci ta ci, sai dai zanen ya tsaya gajere bai kai ƙarshen zangarniya ba, kuma dammunan da munka ɗaure sun yi nauyi. Aikin nan ba daga nesa ya zo ba, a cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, INRAN, reshenta na Tarna nan Maradi, da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo an daɗe ana bincike kanshi.

Feshi kuwa, eh yana kashe fara, yana yi ma wake aiki, iyakar abin da zan ce ke nan. Na taɓa sayen litir guda don murzuna na ari pampo, hatsi ya fi ni tsawo iska ta maido mini maganin a huska, kwana biyu ido na yaji, tsutsa tana ciki abinta tana ci. Kuma in ka fesa bayan an rataya buhu ka kashe zanzaron da maƙwabta sunka sa kuɗinsu.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da masu yawo da kwalabe a kasuwa. Wanda na saya ɗin nan sai daga baya na lura an kankare kwanan watan an manna sabuwar takarda bisa, mai shi kuma ko sama ko ƙasa. Duk kwalbar da ba ta da lambar amincewar CSP, kwamitin da ke tantance magungunan feshi na ƙasashen Sahel, ko anka ɗura maka a robar lemu, bar mashi kayanshi. Buhun ma ana cuta, wani zai aje shi kwanaki cikin zafi komi ya mutu ya sayar maka da gari kawai. Tambayi ranar da anka haɗa shi, kuma ka bi ta hannun malamin gona ko ƙungiya.

Buhu za ka saya ɗan uwa, kar ka tsaya wani lissahi. Amma ba kai ɗaya ba, zanzaron na yawo kilomita 3 ko fiye bai san iyakar gonar kowa ba, don haka ka tara mutanen garinku ku saya tare. Kuma cikin satin nan, tunda ka riga ka ga uwar tana yawo ƙwai na bisa zangarniya.